Wace kalma za mu ba babban da ke zama kusa da yaro a gaban 'yan sanda?

'Yan'uwa masu fassara, wata kalma ta tsaya mini a rai. A dokar Ingila da Wales, ba a yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 18 tambayoyi a ofishin 'yan sanda sai da wani babba a gefensa. Su suna ce masa appropriate adult. Na ga an fassara shi da "babban da ya dace", kuma wallahi wannan bai gaya wa mai karatu komai ba.

Ku duba asalinsa. A 1972 aka tsinci gawar wani mutum mai suna Maxwell Confait a Landan. 'Yan sanda suka tsare samari uku, ɗan 14, ɗan 15, da ɗan 18 mai raunin fahimta, suka titsiye su babu babba a ɗakin har suka amsa laifi. Aka yanke musu hukunci, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi a 1975. Wannan shari'a na cikin abin da ya haifi dokar 1984 da ta kawo wannan matsayi.

Aikinsa shi ne ya tabbatar yaron ya gane abin da ake faɗa masa da haƙƙinsa, ya nema masa lauya, idan ya ga an matsa masa ko ya gaji ya sa baki. Zai iya zama uba, uwa, ma'aikacin jin daɗin jama'a ko wani baligi mai hankali, amma ba ɗan sanda ba.

Wani ya ce "wakili". A'a, wakili magana yake a madadinka, shi kuwa wannan ba ya amsa tambaya ko ɗaya a bakin yaro. "Shaida" ido kawai yake zubawa. "Ɗan rakiya" ma ya fi muni, don a kunnen Bahaushe ɗan rakiya ba shi da ta cewa, abin da dokar ta zo hanawa ke nan. "Mai tsaya masa" ta burge ni, sai dai duk wanda ya ji zai ɗauka zancen beli ne.

Ni na tsaya a kan "majiɓinci". Mai jiɓintar lamarin wani nauyinsa ya ɗauka ko ba shi ya haife shi ba, kuma kalmar za ta ɗauki mai zama kusa da baligi mai taɓin hankali, wanda shi ma dokar ta ba shi wannan kariya. A jimla: ba a tambayi yaron ba sai da majiɓincinsa ya iso.