Wai Sukari Guba Ne?

Alhaji Sani Kawo: Jama'a ku taya ni ji. Na kai Hajiyarmu asibiti, an ce sukarinta ya hau, wai ta rage tuwo da shinkafa. Matar da ko a shayi ba ta sa sukari! Me ya haɗa tuwon masara da wannan ciwo? Sukari ne guba, a bar mana tuwonmu.

Maman Ilham: Allah ya ba Hajiya lafiya. Amma Alhaji, guba fa ka ce?

Nura: Yaya Sani, tuwon ma da ya shiga ciki sukari yake komawa. Sitacin da ke cikinsa tun a baki yawu ke fara narkar da shi, ƙaramin hanji ya ƙarasa, ya zama gulukos ya bi jini. Ka tauna burodi ka riƙe shi a baki, za ka ji zaƙi ya fara fitowa. Kuma ba guba ba ne, ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin kusan giram 120 a rana.

Bala Rigasa: Abin da ya sa aka yanke wa kawuna ƙafa shi ne ba guba ba? Haba Nura.

Nura: Allah ya ba shi sauƙi. Amma abin da ya cuce shi taruwar sukarin ne a jini. Gulukos ba ya iya ratsa bangon ƙwayar halitta da kansa, sai ta ƙofa. A tsoka da kitse sunan ƙofar GLUT4, insulin kuma, wani sinadari da jiki ke fitarwa, shi ne maigadin da ke sa a buɗe ta. In insulin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya tsaya a jini yana lalata jijiyoyi, tsoka kuwa tana jin yunwa.

Bala Rigasa: To ai ka faɗa da bakinka, yana lalata jijiyoyi. Guba ke nan.

Maman Ilham: In haka ne gishiri ma guba ne, tunda yana hawar da jini.

Bala Rigasa: Hajiya, ba da ke nake ba.

Sista Rabi: Bala, ni a ɗakin marasa lafiya nake kwana. Wanda sukarinsa ya faɗi ƙasa, yana gumi yana karkarwa yana neman suma, ruwan gulukos muke sa masa a jijiya ya farfaɗo. Guba muke ba shi?

Malam Habu Mai Zuma (admin): Shi ya sa kullum nake cewa a koma wa zuma. Ita ba ta da wannan fitina.

Sista Rabi: Malam, zuma akwai gulukos da furuktos a ciki, duka biyun nau'in sukari ne. Mai ciwon sukari in ya sha da yawa awonsa zai hau.

Malam Habu Mai Zuma (admin): Abin da Allah ya ce akwai waraka a cikinsa kike haɗawa da sukarin kanti?

Sista Rabi: Ban musa waraka ba, Malam. Awo nake faɗa maka.

Nura: Ku bari in ƙarasa. In gulukos ya shiga ƙwayar halitta, ana bin matakai 10 a raba shi gida biyu, a samu ribar ATP 2, shi ne makamashin da jiki ke kashewa. In akwai iskar oksijin sai mitokondiriya, wato injin makamashin da ke cikin ƙwayar halitta, ta ƙarasa aikin, jimilla ya kai wajen 30. Gulukos ɗin da ya rage hanta da tsoka su adana shi. Kuma tafiya da ƙafa tana buɗe ƙofar tsoka ko da insulin bai yi yawa ba, don haka Hajiya ta riƙa zagayawa bayan ta ci abinci.

Bala Rigasa: Matsalarku ke nan 'yan ABU, a yi tambaya ɗaya ku karanto mana littafi.

Usman Tudun Wada: Ya fi ku 'yan KASU da ba ku da abin karantowa.

Bala Rigasa: Usman, ka fara biyan kuɗin zaure na watan jiya tukuna.

Usman Tudun Wada: Na tura wa ma'aji, ka tambaye shi.

Alhaji Sani Kawo: Ni dai har yanzu ba wanda ya gaya min ko ta ci tuwon.

Sista Rabi: Alhaji, ta ci, amma malmala ƙarama, miyar ganye da yawa, ta sha maganinta yadda likita ya ce. In awon safe kafin karyawa ya ci gaba da wuce 126, ku koma.

Malam Habu Mai Zuma (admin): To jama'a, mun ji kowa. Abin da aka tsayar shi ne sukarin kanti yana da illa, kamar yadda Alhaji da Bala suka faɗa, Nura ma ya yarda yana lalata jijiyoyi. Zuma kuwa ba wanda ya musa warakarta. Mai buƙata akwai ta Mambila, ya same ni bayan la'asar. An rufe wannan magana.

Sista Rabi: Malam, ba haka na ce ba. Alhaji, don Allah kar a ba Hajiya zuma sai an tambayi likitanta.