Baba ya ƙi hawa keken guragu

Ummu Khalil: Salam jama'a, dan Allah shawara. Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, mun sayo masa keke amma ranar farko a ƙofar masallaci wani ya miƙa masa naira 100 sadaka, tun ranar ko zaure baya fita wallahi abin na cina.

Abu Sadiq: Allah ya ba Baba lafiya. Ku gwada mai ƙafa uku da masu shan inna ke ƙerawa a Kano, da kansa zai tuƙa.

Maman Hafsa: Ɗana, hannu ɗaya fa ke aiki, zai masa wuya. 'Yata ku kai shi wajen maƙeran ya zaɓi kala da kujera, a sa masa wurin rediyo, ya ji nasa ne.