Ranar da aka ce maka "ai gado ne", me aka miƙa maka?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum jama'a. Kullum muna cewa "gado ne", a kan gida, a kan sana'a, a kan hali, har a kan ciwo. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya same shi da kansa lokacin da aka faɗa masa haka, ba abin da ya ji a bakin wani ba.

Wani tela:
Wa alaikumus salam. Da Baba ya rasu, keken ɗinkinsa ya faɗo a rabona. An yi masa kuɗi kamar sauran kaya, aka cire daga kasona. Tsohon keke ne na ƙafa, matakinsa ya suɗe ta gefe ɗaya don da ƙafar dama kaɗai Baba yake taka shi. Amma abin da nake ci da shi yau ba a kawo shi wajen rabo ba. Kafin ya sa almakashi sai ya shimfiɗa yadi ya shafa da tafin hannu, ya gane ko zai tsuke bayan wanki, sannan ya bar masa rara. Mu maza kasonmu ɗaya ne, amma ni kaɗai na zauna gefensa har hannuna ya ɗauki wannan. Yanzu 'ya'yana babu mai sha'awar ɗinki. Ana ce mini gadon gida alala ga raggo, alhali ba ragwaye ba ne, hanyarsu ce daban. Wani yaron maƙwabta nake koya wa.

Ɗalibin ilimi:
Allah Ya jiƙan Baba. Ni abin da na fara gada bashi ne. A aljihun rigar mahaifinmu muka tarar da ɗan littafi, ya rubuta duk wanda yake binsa da wanda shi yake bi. 'Yan uwa suna ta maganar gida, sai malamin da ya zo rabo ya ce babu mai taɓa komai tukuna. A Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, duk inda aka ambaci kaso sai an ce bayan wasiyya ko bashi, kuma hadisi ya nuna wasiyyar ba ta wuce sulusin dukiya. Ni aka ɗora wa bin sunayen nan ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo da na kai wa kuɗinsa ya fashe da kuka, ya ce shi har ya manta. Shawarata ga kowa: kada a jinkirta rabo. Idan magaji ya rasu kafin a raba, lissafi ya hau kan lissafi, daga nan zumunci yake fara tsagewa.

Ma'aikaciyar jinya:
A wajen aikinmu kalmar nan nauyi gare ta. Uwa za ta kawo yaro mai sikila yana murƙususu, gaɓoɓinsa sun kumbura, dangin miji su tsaya a bakin ƙofa suna cewa "gado ne daga wajenta". Wannan magana tana ƙona mini rai, domin ba gaskiya ba ce. Yaro ba ya zama SS, wato mai sikila, sai ya ɗauko daga uwa ya ɗauko daga uba. Idan su biyun AS ne, wato suna ɗauke da sikila a jini amma ba su da ciwon, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin 4 ya zo SS, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, lafiyar na fari ba ta ceci na biyu ba. Na sha zaunar da uba in nuna masa takardar gwajinsa. Wasu su yi shiru, wasu su je su ba matar haƙuri.

Malamin tarihi:
Ni a Masar aka faɗa mini, a Abu Simbel, tsohon wurin bauta da Fir'auna Ramsis na biyu ya gina. Mai yi mana jagora ya ce, "Wannan gadonku ne ku ma." Na yi mamaki, me ya haɗa ni da Fir'auna Ramsis na biyu? Sai ya matsar da ni kusa da bango ya nuna mini siririn layi inda aka haɗe duwatsu. Da ruwan madatsar Aswan zai cinye wurin, ƙasashe suka haɗa kuɗi, tsakanin 1964 da 1968 aka yanyanka ginin aka ɗaga shi sama da kimanin mita 65. Wannan aiki yana cikin abin da ya kai UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ga yarjejeniyar 1972 ta kare kayan tarihin duniya. A 2003 aka ƙara wata a kan abin da ba a taɓawa da hannu, irin waƙa, labarun baka da gwanintar sana'a. To Malam tela, shafar yadin nan ta Baba tana da gurbi a wannan ma'anar. Kuma abin ba wasa ba ne: wanda ya jagoranci rusa hubbaren waliyyai a Timbuktu a 2012, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ɗaure shi shekara 9 a 2016.

Wata Hajiya:
'Ya'yana, kun faɗi na riƙewa, bari in faɗi na yarwa. Na tashi na tarar ba ma gaisawa da gidan ƙanen kakanmu. Na tambayi Inna dalili, ta ce ita ma haka ta tarar. Har na aurar da 'ya, gabar tana nan. Ranar da na ji jikata tana ce wa ƙawarta "ba ma shiga gidan can", jikina ya yi sanyi. Na yafa mayafi na tafi. Matar gidan ta daɗe tana kallona kafin ta shimfiɗa mini tabarma. Su ma ba su san mafari ba. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ba a gaba ba.

Wani saurayi:
Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Anti ma'aikaciyar jinya, don Allah ina da tambaya. An sa mana rana, ni AS ne, ita ba ta taɓa yin gwajin ba, kuma iyayenta suna ganin tambayar kamar zargi ne. Ta yaya zan ɓullo musu?

Ma'aikaciyar jinya:
Ƙanena, kada ka ce "a gwada ta". Ka fara miƙa musu taka takardar, ka ce kai ne mai ɗauke da shi, kana so ku je tare a sake gwada ku duka biyu. Ku yi shi yanzu, tun ranar ba ta matso ba.