Daga ina ƙanƙara ta zo kan madubin Euclid?

Hadiza:
Assalamu alaikum. Ni ɗalibar fiziks ce, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. A watan Maris na 2024 Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta ɗumama madubin na'urar hangen nesa ta Euclid, wadda kumbo ke ɗauke da ita a sararin samaniya, domin kawar da ƙanƙarar da ta rage mata gani. Tunda babu iska a can balle ruwa, daga ina ƙanƙarar ta fito?

Malam Bala:
Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Kumbon ne ya tafi da ruwansa tun daga nan duniya. Gam, fenti, robar wayoyi da bargon da ke kare kumbo daga zafi da sanyi duk suna shan laima lokacin da ake haɗa shi, kuma da zarar ya isa inda babu iskar da ke danne su, sai su riƙa sakin tururi a hankali, kamar yadda sabuwar mota ke warin roba idan ta sha rana. Tururin nan wuri mafi sanyi yake lafewa, ga shi madubin da gangan ake sanyaya shi. Ƙanƙarar ba ta kai kaurin gashi ba ko kusa, amma da aka ɗumama madubi ɗaya tak, hasken da na'urar ke kamawa ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin ɗari.

Injiniya Rabi'u:
Bari in ɗora a kan bayanin Malam. Akwai gwajin da ake yi wa kayan haɗa kumbo, mai suna ASTM E595, inda ake gasa samfurin kaya awa 24 a zafin digiri 125 na ma'aunin Celsius cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. Ana so kada ya rasa fiye da kashi 1 cikin ɗari na nauyinsa, abin da ya lafe a kan faranti mai digiri 25 kuma kada ya wuce kashi 0.1. Na taɓa mantawa da guntun salatif cikin irin wannan tukunya a ɗakin gwaji. Washegari na tarar da gilashin leƙawa ya yi dusu-dusu da maiƙo, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, domin aikin mako guda ne ya lalace.

Malam Bala:
Allah ya kiyaye gaba, Injiniya. Wannan maiƙon ne ya fi tayar mini da hankali, domin ruwa yana tashi idan an ɗumama, shi kuwa tururin silikon, wani sinadari da ake samu a cikin wasu nau'o'in gam da roba, idan hasken rana ya gasa shi, maƙalewa yake yi. Kumbon LDEF na Amurka, wanda ya zauna a sama daga 1984 zuwa 1990, ya dawo da tabo mai ruwan ƙasa a jikinsa, kuma irin wannan tabo ɗumamawa ba ta fitar da shi.