Wai hedifon na bulutut ya kamo mai igiya? An kwana ana musu a gurup

Auta: Salamu alaikum jama'a, yau sai na faɗi abin da ke raina ko da Adimin zai cire ni. Duk wanda har yanzu yake zuba kuɗi a hedifon mai igiya wai don sauti, wallahi son a ce ya iya ne kawai. Bulutut ya kamo igiya tuntuni, tun 2016 Apple suka toshe ramin iyafis a iPhone 7 sauran kamfanoni suka bi sahu, da bambancin na da yawa ai da an ji ihu

Kawu: Wa alaikumus salam. Auta kai dai ba ka rabo da tsokana. Toshe ramin nan ciniki ne ba hujja ba, ka manta a ƙarshen shekarar suka fara sayar da AirPods, iyafis ɗinsu na bulutut? Kuma ihu an yi shi, kai ne ba ka ji ba

Injiniya: Ku bari mu aza maganar kan lissafi kafin a fara jifa. Sautin faifan CD kilobit 1411 ne a sakan ɗaya. Bulutut ba ya iya ɗaukar wannan kai tsaye, dole sai an matse sautin an zubar da wani abu, abin da ke matsewar shi ne kodek. SBC wanda kowace na'ura ke da shi yana kaiwa wajen 328, AAC na iPhone wajen 256, aptX HD 576, LDAC na Sony shi ne ke kaiwa 990. Qualcomm sun sanar da aptX Lossless a 2021 wanda ba ya zubar da komai in sigina na da kyau amma sai wayarka da hedifon ɗin duka suna da shi, kuma ba su da yawa

Auta: To ka gani! 990 da 1411 ai tafiyar ba nisa

Injiniya: Tsaya mana ban gama ba. Wannan 990 ɗin sai kana zaune kusa da wayar babu cunkoso, don bulutut da Wi-Fi layi ɗaya suke bi na 2.4 GHz, ka saka wayar a aljihun baya ka shiga taro sai ya sauko 660 ko 330 in ba haka ba ya dinga yankewa. Kuma kai ba iPhone ke hannunka ba? Babu LDAC a ciki sam, AAC kake ji

Kawu: Madalla Injiniya, ka gama da yaron nan

Injiniya: A'a Kawu kar ka yi saurin murna, ta fuskar kodek ɗin ni na fi kusa da Auta. In aka daidaita ƙarfin sauti aka rufe wa mutum suna, akasarin mutane ba sa iya ware AAC 256 daga CD, har da masu cika baki. Abin da kunne ke kamawa nan take shi ne yadda aka saita hedifon ɗin, bes nawa, tsakiya nawa, sama nawa. Sean Olive da abokan aikinsa a kamfanin Harman sun yi shekaru suna gwada mutane a kan haka, abin da suka samu shi ne wannan saitin ya fi komai nuna wanda za a so, farashi kuwa ba ya nuna wani abin kirki. Kuma na bulutut yana da ƙaramar kwamfuta a ciki da ke gyara saitin, sifikar da ba ta kai ba ma sai a lallaɓa ta ta yi daɗi

Kawu: Lallaɓawa kenan, ka faɗa da bakinka. Ni Sennheiser HD 600 mai igiya nake ji, tun 1997 aka fito da shi har yau ana ƙera shi ba a sauya masa wani abin a zo a gani ba. Ka sa murya da kayan kiɗa na hannu ka rufe ido, za ka ji inda mai rerawa yake jan numfashi, ka ji kiɗan a gabanka yake ba a tsakiyar ƙoƙon kanka ba, saboda bayansa a buɗe yake iska na wucewa. Nuna min na bulutut mai buɗaɗɗen baya, 'yan ƙalilan ne, kusan duka a rufe suke. Da tsohuwar zuma ake magani Auta

Anti: Kawu Allah ya ja da ranka, wannan buɗaɗɗen bayan naka ka taɓa shiga jirgi ko mota da shi? Duk ƙugin inji a kunnenka, na kusa da kai kuma yana jin duk abin da kake saurare. Ni a ofis da kan hanya nake yawancin sauraro na, numfashin mai rerawa da kake magana ko da kuɗi ba zan ji shi a can ba. Amma ina danna maɓallin kashe hayaniya a hedifon ɗina na bulutut sai ƙugin ya lafa, ba sai na ƙure sauti ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi babba kar ya wuce desibel 80 na awa 40 a mako, mai igiya cikin hayaniya ƙarawa za ka yi ta yi ba ka sani ba

Kawu: Wannan gaskiya ne Hajiya, amma ai Auta bai ce ya fi daɗin yawo ba, cewa ya yi sautin ɗaya ne

Anti: To sauti a ina Kawu? Sautin da ya iso kunne shi ne sauti, ba wanda ke rubuce a kwali ba

Mai Situdiyo: Ni dai ku bar ni da igiyata. Ba maganar daɗi ba ce ma, jinkiri ne. Bulutut na yau da kullum yakan makara da milisakan 150 zuwa 200 ko fiye, a kallon bidiyo ba ka lura saboda manhajar na riƙe hoton ya jira sautin, amma ka sa wa mai waƙa a kunne yana ɗaukar murya ya dinga jin kansa a baya a baya, baiti ɗaya ba zai kai ba zai cire ya miƙo maka. Masu gem ma sun san zancen. Shi ya sa Sony MDR-7506 na 1991 har gobe yana rataye a situdiyo. Ga kuma wani abu, da zarar ka kunna makirfon na bulutut don kira sautin gaba ɗaya yake faɗuwa ya koma siriri kamar na tsohuwar rediyo, ku gwada ku ji

Auta: Oga kai aikinka daban, mu masu ji ne kawai. Kuma ku faɗi gaskiya, HD 600 om 300 ne, wato yana buƙatar ƙarfin lantarki sosai, sai an nemo masa amfilifaya, an nemo DAC mai mayar da fayil ya zama siginar sauti, an nemo kebul wai na azurfa, teburi ya cika da tarkace, in ka haɗa kuɗin ai ya wuce nawa. Ni kwali ɗaya na buɗe komai na ciki

Injiniya: Kebul na azurfa kam ɓarnar kuɗi ce, duk wanda ya ce ya ji bambanci a rufe masa ido a sake tambayarsa. Amfilifaya kuma ba sai katon akwati ba, ɗan dongul, wato ƙaramar adafta ta USB-C, mai ɗan ƙarfi ya ishi mafi yawan hedifon, masu om 32 ko wannan wahalar ba su da ita. Amma Auta komai na ciki ɗin nan shi ne inda kuɗinka ya rarrabu, batir ya ci, makirfon ya ci, guntun bulutut da lasisin kodek sun ci, abin da ya rage shi sifika ta samu. Mai igiya kusan duk kuɗin a kan sifika da jikin yake tafiya. Kuɗi ɗaya a ɗaki shiru, yawanci mai igiya ne zai yi gaba

Kawu: Ka zo inda nake jira, batir. Batirin litiyam bayan 'yan ɗaruruwan caji ya fara raguwa kenan, tsufa yake ko kana amfani da shi ko ba ka yi. Ƙananan na cikin kunne ma da gam aka liƙe su, ranar da batir ya mutu sifika lafiyarta lau amma sai kwandon shara. Nawa kuwa soson kunne ya lotse na cire na sa sabo, igiya ta tsinke na zare na soka wata, ko sukudireba ban ɗauka ba. Raba kuɗin da shekarun da abu zai yi maka sannan ka zo mu yi maganar wa ya fi araha

Anti: Manyan na bulutut da ake ɗorawa a kai ai da yawa suna da ramin igiya Kawu, in batir ya ƙare sai a soka

Injiniya: Suna da shi Anti amma ki gwada sokawa a kashe, da yawansu sautin sai ya zama wani iri don kwamfutar da ke gyara shi ta kwanta, a nan za ki ji ainihin sifikar da aka sayar miki. Wasu ma ko da igiyar sai da caji. Abin lura kuma, Focal Bathys na 2022 an sa masa hanyar ji ta kebul na USB, AirPods Max ma a 2025 Apple suka ba shi sauti marar matsi amma ta kebul na USB-C. Su kansu masu ƙerawar in suna son nuna iyakar abin nasu igiya suke miƙo maka

Auta: Wannan don su rufe bakin irin su Kawu ne kawai 😂 Ni har yanzu ban ga wanda ya ce zai iya ware su ido a rufe ba

Kawu: Ni zan iya

Injiniya: Shikenan an zo wajen. Kawu akwai ABX, wato gwajin ware sauti ba tare da ka san wanne ne wanne ba, a manhajar foobar2000, zan turo maka fayil biyu na abu ɗaya, FLAC wanda ba a zubar masa da komai ba da AAC 256, ka yi zagaye 16 da HD 600 ɗinka ka turo hoton sakamakon nan, in ka ci 12 ko sama mun sallama. Auta kai kuma ka ari mai buɗaɗɗen baya ka zauna a ɗaki shiru ka ji, don na tabbata ba ka taɓa sa shi a kai ba

Auta: Wa zai ba ni aro to, Kawu ko taɓa nasa ba ya bari a yi

Kawu: Ka wanke kai tukuna. Injiniya turo fayil ɗin, amma ni zan zaɓi abin da za a saurara ba kai ba