Abin da aka ce a fada kan kwana bakin tafkin Anesi

A fadar shayi a Maradi, ɗalibai suka tambayi yayyensu da suka zauna Faransa game da kafa tanti a bakin tafkin Anesi, kusa da duwatsun La Kuluza inda ake sululu kan ƙanƙara.

Maganar da ta fi nauyi ita ce lokaci. Sululun daga Disamba zuwa Afrilu ne, sa'ilin yawancin sansanonin kafa tanti a rufe suke; mai son ƙanƙara ya kama ɗaki. Tanti sai Yuni zuwa Satumba, na Agusta kuwa a biya tun wuri.

Ko sannan a riƙe bargo, darensu akwai sanyi. Kilishi dai, kwastan ba sa barin nama ya shiga.