Wa zai biya idan mai ya malale a Antatika?

Assalamu alaikum. Ɗalibin shari'a ne ni a Zariya, sati uku ke nan babi na uku na binciken kammala digirina ya cije.

Malamina ya maido min da shi, da jan biro a gefe: "A wace kotu?" Na karanta Yarjejeniyar Antatika ta 1959 da Ƙa'idar Madrid ta 1991, wadda ke kare muhallin Antatika. Rataye na 6 na wannan Ƙa'idar, wanda aka amince da shi a 2005, shi ke maganar biyan kuɗin kai ɗauki idan haɗari ya taɓa muhalli. Sai dai yana buƙatar amincewar dukkan ƙasashen da ke da ƙuri'a kafin ya fara aiki, shi kuma yana jingina ne da dokar cikin gida ta kowace ƙasa.

Na gwada misalin Explorer, jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido da ya nutse a tekun Antatika a 2007. Tutar Laberiya yake ɗauke da ita, Laberiya kuwa ba ta cikin yarjejeniyar, kamar dai Najeriya. Nan kaina ya ɗaure gaba ɗaya.

Don Allah masana, a irin wannan hali dokar wace ƙasa ce ke kama kamfanin da ya shirya tafiyar?